Abubuwan da ya kamata ka sani game da kalmar "roundabout"

Kwandastan da ya ce fasinja ya sauka a "randabawul" Turanci ya yi, ko da bai sani ba. Kalmar "roundabout" ce harshen Bahaushe ya lanƙwasa, kuma ma'ana ɗaya kacal ya ɗauko daga cikin ma'anoninta, wato shataletale.

Asalinta da ma'anarta ta farko

Kalmomi biyu aka haɗa, "round" da "about", dukansu kuwa suna ɗauke da ma'anar zagaye. Tun ƙarnoni kafin a ƙera mota mutanen Ingila ke siffanta doguwar hanya da ita, irin wadda matafiyi zai bi ta bayan gari kafin ya isa inda ya nufa. Daga tafiya aka mayar da ita kan magana. Idan aka ce mutum ya yi bayani "in a roundabout way", ana nufin kewaye-kewaye ya yi, kamar mai neman rance da zai fara da tsadar hatsi da rashin lafiyar yara kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi. Galibi akwai ɗan zargi a cikin furucin, don haka bai dace a fassara kara ko kunya da shi ba.

A Ingila kuma ana kiran lilon yara mai juyawa, wanda ake kafawa a wuraren wasa, da wannan suna.

Yadda ta hau titi

Shataletalen ya girmi sunansa. An buɗe Columbus Circle a birnin New York a 1905. A 1907 aka tsara wa ababen hawa zagaye ta fuska ɗaya a dandalin Arc de Triomphe da ke Paris, sannan garin Letchworth na Ingila ya samu nasa a 1909. Sai a shekarun 1920 kalmar ta zauna a matsayin sunan irin wannan mahaɗa a Birtaniya.

Yadda yake aiki

Na farko-farkon sun sha cunkushewa, domin mai shigowa ba ya jiran na ciki, har da'irar ta cika ta tsaya cik. A 1966 Birtaniya ta kafa doka cewa wanda ke cikin zagayen shi ke da hanya, mai shigowa ya dakata har ya samu sarari. Wannan ƙa'ida ce ruhin shataletalen zamani, kuma duk inda direbobi suka yi watsi da ita ginin kawai ya rage.

Amfaninsa a fili yake. Lanƙwasar hanyar na tilasta wa direba rage gudu, kuma tunda kowa fuska ɗaya ya nufa, da wuya a yi taho-mu-gama ko a daki mota a haƙarƙari. Fuskar zagayen ta danganta da hannun tuƙi. A Birtaniya, inda ake bin hagu, ana juyawa yadda hannun agogo ke tafiya. Najeriya ta koma hannun dama a 1972, shi ya sa nata ke juyawa akasin haka.

Bambancin amfani

Amurkawa da yawa sun saba da "traffic circle", mutanen jihar Massachusetts kuwa "rotary" suke cewa. Injiniyoyin Amurka sun keɓe "roundabout" ga ƙananan na zamani masu bin ƙa'idar jiran na ciki.

Mai koyon Turanci ya kula da rubutu. Idan aka raba kalmar biyu aka sa ta gaban adadi, kamar "round about five", kimanin biyar ake nufi, babu batun hanya ko kewaye-kewaye a ciki.