Motar da ke ɗauke da gida: Lissafin da iyalai ke yi a Amurka da Turai kafin su saya

Da zarar makarantu sun yi dogon hutu a Amurka, hanyoyin da suka nufi gandun daji irin su Yellowstone kan cika da wasu manyan motoci masu girman bas ɗin lakshari. A cikin kowacce akwai gadaje da falo da kicin da banɗaki, har da firji da na'urar sanyaya ɗaki. Amurkawa na kiran irin wannan mota RV. Iyali kan kwana a cikinta, su dafa abincinsu, gari na wayewa maigida ya tayar da inji su nufi gaba.

Duk mai 'ya'ya da ya taɓa biyan kuɗin ɗakuna biyu ko uku a otel, sannan ya ciyar da su a gidan abinci safe da rana da dare, zai fahimci abin da ke jan hankalin mutane. Sai dai babbar motar gida sabuwa takan haura dala 100,000, wasu ma sun ninka haka sau da yawa. Shi ya sa sayenta ya zama shawarar da kan taɓa tattalin iyali na shekaru masu yawa.

Cibiyar wannan sana'a a Amurka ita ce garin Elkhart da ke Jihar Indiana, inda kamfanonin Thor Industries da Forest River suke da mazauni. Kamfanin Winnebago kuwa, wanda sunansa ya kusa zama sunan motar kanta, an kafa shi ne a 1958 a Jihar Iowa. A Jamus akwai Hymer, kuma duk shekara birnin Düsseldorf kan karɓi baƙuncin babban baje kolin waɗannan motoci.

A lokacin annobar korona, da mutane suka guji jiragen sama da otel-otel, kasuwar ta bunƙasa sosai. Ƙungiyar masana'antun ta Amurka, RVIA, ta ce an fitar da sama da 600,000 a 2021, yawancinsu tirelolin kwana da ake ja da wata mota. Zuwa 2023 adadin ya faɗi zuwa kimanin 313,000, bayan an buɗe tafiye-tafiye kuma kuɗin ruwa a bankuna ya tashi. Waɗanda suka saya da tsada a lokacin rububi, da suka zo sayarwa sai suka tarar kasuwa ta sauya.

Abu na farko da mai niyyar saye kan duba shi ne girma. Mafi girma a cikinsu, wadda ake kira ajin A, tsawonta kan kai ƙafa 45. Ajin C ta fi ta ƙanƙanta, ana gane ta da gadon da ke saman wurin direba. Ajin B kuwa ƙaramar bas ce da aka gyara. Iyali mai yara huɗu ko biyar zai so babbar, amma yawan girma na rage wuraren da za a iya shiga. A gandun Glacier da ke Jihar Montana, an hana duk motar da ta wuce ƙafa 21 bin shahararriyar hanyar da ta ratsa duwatsun. Sansanonin kwana da dama a gandun dajin gwamnati ma suna da iyakar tsawo. Wannan ya sa masu manyan motocin da yawa kan ɗauro ƙaramar mota a baya domin shiga gari, wato ƙarin inshora da ƙarin gyara.

A Birtaniya nauyi ne ke jawo matsala. Wanda ya ci jarrabawar tuƙi daga 1 ga Janairun 1997 zuwa yau, lasisinsa na yau da kullum ya tsaya ne a kilo 3,500. Abin da ya haura haka zuwa kilo 7,500 sai da lasisin C1, wanda ke buƙatar gwajin likita da sabuwar jarrabawa. Ko motar da ba ta wuce ƙa'idar ba, fasinjoji da kekunan yara da tukunyar gas da ruwa duk suna cikin lissafi, kuma kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce. Wanda aka auna aka tarar ya yi lodi fiye da kima zai biya tara. Akwai kuma abin da iyaye kan manta: motar da ke da wurin kwanan mutum shida, wataƙila kujeru huɗu ne kawai ke da bel. Mai ƙananan yara sai ya fara ƙirga bel kafin ya ƙirga gadaje.

Sai batun mai. Babbar motar gida kan yi kilomita uku zuwa huɗu ne kacal da lita ɗaya. Tafiyar kilomita 3,000 na iya shan lita 1,000. Kwana ma ba kyauta ba ne, domin sansanin da ke ba da wuta da ruwa da wurin zubar da ƙazanta kuɗi ake biya kowane dare, kuma a lokacin hutu sai an kama wuri tun watanni kafin tafiya.

Kashe kuɗin da ya fi ciwo shi ne na lokacin da motar ke tsaye. Unguwanni da yawa a Amurka ba su yarda a ajiye ta a ƙofar gida ba, sai a yi hayar fili duk wata. Kafin hunturu dole a zuƙe ruwan bututunta, in ba haka ba ƙanƙara ta fasa su. Rufin yana son a riƙa dubawa, saboda ɗan yoyo kan ruɓar da katakon bango ba tare da an lura ba. Tayoyi kan tsufa su tsage ko da ba a yi tafiya da su ba. Ga bashin banki da kan kai shekara 15 zuwa 20, alhali darajar motar na raguwa tun ranar da ta bar wurin dillali, har mutum ya wayi gari bashin da ake bin sa ya fi kuɗin motar.

Lissafin bai da wuya. A ce biyan bashi da inshora da ajiya da gyara suna cin dala 12,000 a shekara. Iyalin da hutunsu bai wuce dare 20 ba, kowane dare ya tsaya musu a dala 600 kafin a zuba mai. Waɗanda suka yi ritaya suna yawo dare 120 kuwa, dala 100 ce ta hau kan kowane dare. Mota ɗaya ce, yawan amfani ne ya bambanta su.

Duk da haka akwai ribar da alƙalami ba ya iya ƙirgawa. Uwa mai jariri tana da kicin da banɗaki a ko'ina aka tsaya. Iyalin da ke kiyaye abincin halal, ko masu yaron da wani abinci ke yi wa illa, sun huta da neman gidan abincin da za su amince da shi. Tsoho mai ciwon ƙafa ba sai ya yi ta jan akwati daga wannan otel zuwa wancan ba.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma hanyar gani a nan ita ce haya. Kamfanoni irin su Cruise America na ba da hayar waɗannan motoci, manhajar Outdoorsy kuma na haɗa masu mota da masu son haya. Mako guda ya isa maigida ya san ko zai iya juya motar a gidan mai, ko zai jure zubar da tankin banɗaki da hannunsa, ko yaran za su zauna lafiya a ɗaki ɗaya ranar da aka wuni ana ruwa. Wanda ya dawo da sauran sha'awarsa, kuma ya ƙirga kwanakin hutunsa ya ga sun kai, zai iya fara neman wadda aka ɗan yi amfani da ita, ya kira masani ya duba rufi da bango kafin ya biya. Wanda kwanakinsa ba su kai ba, haya ta ishe shi, kuɗin kuma ya tafi makarantar yara.