Lambu da Madafa: Sana'ar Kakannin Girka a Malbon

A unguwar Oakleigh da ke birnin Malbon na Ostareliya, ba sai ka yi tambaya ba kafin ka gane gidan tsohuwa 'yar Girka. Ga bishiyar lemun tsami a bayan gida, ga zaitun ko ɓaure a ƙofa, rumfar inabi ta rufe mashigar mota, ɗoɗɗoya kuma tana tsiro a cikin tsofaffin gwangwanayen man zaitun. Inda maƙwabta suka shuka ciyawar ado, ita tumatir ta jera.

Yawancin matan nan sun zo ne bayan yarjejeniyar ƙaura da Ostareliya ta ƙulla da Girka a 1952, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu da yaƙin basasar 1946 zuwa 1949 suka bar ƙauyuka cikin talauci. Daga tashar Piraeus suke hawa jirgin ruwa irin su Patris, su yi kusan wata guda a teku. Wasu ma a hoto kawai suka taɓa ganin mijin da ke jiransu. Bayan sun iso, da rana ana masana'anta, da yamma kuwa a ɗaura zanen aiki a shiga lambu. Can ainihin sana'arsu take, wadda ba wanda ya taɓa biyansu ko sisi a kanta.

Darasin farko shi ne juyewar lokaci. Disamba da suka sani da sanyi, a nan ita ce farkon zafi. Dole mace ta sake lissafin da ta gada daga uwarta: dashen tumatir ya koma Oktoba da Nuwamba, tsinkarsa Fabrairu da Maris. Ganyen inabi kuma ana cire shi yana ɗanye sharaf kafin ya yi tauri, a ɗan tsoma shi a tafasasshen ruwa, a adana a ruwan gishiri, don naɗe shinkafa da na'ana'a a yi abin da suke kira dolmades.

Amma inda ake gane gwana shi ne wajen murza filo, wato fallen fulawar da ake shimfiɗawa hawa-hawa a gasa. Kayan haɗin ba su da yawa: fulawa, ruwa, gishiri, man zaitun da ɗan ruwan khal. Za ta kwaɓa, ta rufe da ƙyalle ta bar kwaɓin ya huta, domin wanda bai huta ba gardama yake yi, kana ja yana komawa. Sai ta ɗauko siririyar sanda doguwa, ta barbaɗa gari a tebur, ta naɗe kwaɓin a jikin sandar, tana murzawa tafin hannunta na zamewa daga tsakiya zuwa gefe. Ta warware, ta juya, ta sake naɗewa. Haka za ta yi ta yi har fallen ya cika tebur, ya yi sirantakar da za ka hango yatsunta ta bayansa. Kowane falle sai ya sha mai kafin a ɗora wani, a zuba alayyafo da lawashin albasa da cukun feta a tsakiya, a tsaga saman da wuƙa kafin ya shiga tanda. Ka tambaye ta awon fulawar, amsar ɗaya ce: da ido. Ba rowar ilimi ba ce, gaskiyarta ke nan, don fulawar yau da ta jiya ba sa shan ruwa daidai.

Zaitun shi ma da nasa aikin. Ɗanyensa ɗaci ne da shi kamar maɗaci, sai an tsaga kowane ɗaya an jiƙa, ana canza ruwan kullum har ɗacin ya fita. Ruwan gishirin da za a adana shi kuwa da ƙwai ake gwada shi: in ƙwan ya taso sama, gishiri ya ji.

A ganina, masu kiran wannan aikin gida kawai sun rage masa daraja. Macen da ta san ƙasa, ta san iri, ta san adana abincin shekara, ta kuma ciyar da 'ya'ya da jikoki da surukai kowace Lahadi, ai sana'o'i da yawa ta haɗa a hannu biyu. Abin da ke damuna shi ne yanzu kantuna cike suke da filon inji a cikin kwali, kuma jikoki da dama sun ci na kaka shekara da shekaru ba su taɓa riƙe sandar ba.

Idan ɗaya daga cikin kakannin nan ta rasu, mabiya cocin Orthodox kan yi mata addu'ar kwana arba'in, su dafa alkama su haɗa ta da sukari da zabibi da 'ya'yan rumman, wato koliba, a raba wa jama'a bayan ibada. A da, tsofaffin ne ke kwana suna shanya alkamar a kan farin ƙyalle. Yau iyalai da yawa saye suke yi daga masu gashin burodi da alawa, domin waɗanda suka iya haɗa ta su ne ake yi wa addu'ar.