Daga Barnawa zuwa Kakuri: Wace shiga ce ta dace da wurin aiki?

Da misalin ƙarfe bakwai na safe, duk wanda ya tsaya a bakin titi a Sabon Tasha ko Television zai ga ma'aikata iri-iri suna jiran mota. Wani da kwat, wani da kaftani da hula, wata da siket da riga, wata da abaya da mayafi. Kowa ofis ya nufa, amma ba kowa ne zai shiga ba tare da an bi shi da kallo ba.

Ni ma na taɓa shan wannan kallo. Bayan na kammala babbar difloma, wani kamfani a Barnawa ya kira ni ganawar ɗaukar aiki, aka ce ba sai na sa kwat ba. Na ɗauka an ce in zo yadda na ga dama, sai na tafi da wandon jins da rigar ƙwallo. Tun daga ƙofa na gane na yi kuskure, kuma ban samu aikin ba.

Abin da suke nufi shi ne shigar tsaka-tsaki: wadda ba ta kai nauyin kwat ba, ba ta kuma sauko zuwa kayan zaman majalisa ba.

Daga ina tsarin ya samo asali?

A Amurka aka fara sassauta wa ma'aikata shiga, musamman ranar Juma'a. A 1992 kamfanin tufafi na Levi Strauss ya rarraba wa dubban ma'aikatu wani ɗan littafi da ke bayanin yadda za a ajiye kwat ba tare da an zubar da kwarjinin ofis ba.

A Najeriya abin ya zo da nasa salo. Bankuna da kamfanoni da dama sun ware Juma'a domin manyan kaya, shi ya sa ranar za ka ga shadda da atamfa sun cika ofisoshi.

Kudancin birnin Kaduna kuwa ya daɗe da sanin kayan aiki. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, kamfanin haɗa motoci na Peugeot ya biyo baya a 1975. A zamanin, ma'aikacin masana'anta ba ya dogon tunani da safe, domin akwai kayan da aka tanadar masa. Yau da yawancin masaƙun suka rufe, matasa sun koma makarantu masu zaman kansu, otal-otal, asibitoci da ƙananan kamfanoni, inda sau da yawa babu rubutacciyar doka kan sutura. Kai ne za ka karanci wurin da kanka.

Me ya dace, me bai dace ba?

Ga namiji, riga mai kwala da wandon yadi da rufaffen takalmi sun wadatar. Kaftani mara nauyin aiki da hula shi ma ya shiga sahu, matuƙar ya sha guga. Babbar riga kuwa a bar ta sai ranar biki ko babban taro, domin ba ta barin mutum ya sake a gaban kwamfuta.

Ga mace, atamfa mai sauƙin ɗinki, doguwar riga, siket da ya sauka ƙasan gwiwa, ko abaya mara tarin duwatsu duk sun dace. Leshi mai ƙyalƙyali da ankon biki ba na ofis ba ne.

Akwai abubuwan da kusan ko'ina ba a maraba da su: silifas, yagaggen jins, riga mai hoton ɗan siyasa ko rubutun da zai iya tsokano wani, da turaren da zai cika ɗaki. A yankin da Musulmi da Kirista da ƙabilu da dama ke aiki a tebur ɗaya, kiyaye wannan mutunta abokin zama ne.

Sai batun hijabi. A Disambar 2017 an hana Firdaus Amasa shiga bikin rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda hijabinta, amma a Yulin 2018 aka rantsar da ita sanye da shi. Darasin shi ne, shigar aiki ba ta buƙatar mutum ya ajiye addininsa a ƙofa. Idan wurin na da launi ko yunifom na musamman, gara a tattauna tun kafin a karɓi aikin.

Aljihu da yanayi

Tsadar rayuwa ta sa sabon ma'aikaci ba zai iya cika akwati lokaci guda ba, kuma ba dole ba ne. Wando biyu masu duhun launi, riga uku ko huɗu da kaftani ɗaya za su fitar da mako. Gwanjo mai kyau daga kasuwar Monday ta Kakuri ko kasuwar Sabo, idan tela ya rage shi daidai jiki, ya fi sabon kaya da ya yi wa mutum jalala.

A kuma yi la'akari da yanayi. Zafin Maris da Afrilu na son yadin auduga mara nauyi. Ƙurar hunturu ba ta raga wa fararen kaya, damina kuma ba ta raga wa takalmi. Shi ya sa wasu ke ajiye takalmin ofis a ƙarƙashin tebur, su taka taɓon unguwa da wani.

Idan aka kira ka ganawa kuma ba ka da tabbas, ka je wurin kwana ɗaya kafin ranar, ka ga yadda ma'aikatan ke fita lokacin tashi. Ka yi shigar da ta ɗan ɗara tasu kaɗan. Da na yi haka a wancan lokacin, wataƙila da takarduna aka duba, ba rigata ba.