Me Ya Sa Tsohuwar Windows Take Ƙin Zama a Sabuwar Kwamfuta?

Bayanina na wannan makon a kan wani abu ne da mutane da yawa suke yi idan sun sayi sabuwar kwamfuta. Ko ledarta ba su gama cirewa ba, sai su kai ta wurin mai gyara su ce ya sauke Windows 11 ɗin da ta zo da ita, ya ɗora musu Windows 7 ko Windows 10.

Windows ita ce babbar manhajar da take tafiyar da kwamfuta, kamfanin Microsoft na Amurka ne yake yin ta. Windows 7 ta fito a 2009, wato ta girme ni, ta girmi duk 'yan ajinmu. Windows 10 ta fito a 2015, ita kuma Windows 11 a 2021. Masu komawa baya suna da dalilansu. Wani sabo ne kawai, wani kuma yana da tsohuwar firinta ko manhajar lissafin shago da ta ƙi aiki a sabuwar.

Babbar matsalar ita ce direba. Ba direban mota ba fa! Wasu ƙananan manhajoji ne da suke yi wa Windows tafinta da sassan kwamfuta. Sifika da direbanta, kamara da nata, Wi-Fi ma da nasa. Lokacin da aka yi Windows 7 ba a saka mata direban USB 3.0 ba, alhali sababbin kwamfutoci irin wannan ramin suke zuwa da shi. Shi ya sa ana tsakiyar ɗorawa sai maus da kibod su tsaya cak, ko a ce ba a ga filas ɗin da ake ɗorawa daga ciki ba. Ko an yi dabara ta hau, sai a tarar babu sauti, babu intanet, hotuna sun yi ɓaro-ɓaro a fuskar kwamfutar. A je neman direban kuma a rasa, domin kamfanin da ya ƙera kwamfutar bai rubuta shi ba tun farko. Windows 10 ba ta cika wannan gardamar ba, don ba ta yi nisa da 11 sosai ba.

Sai maganar tsaro, wadda a ganina ta fi komai. Microsoft takan riƙa aiko da gyara ta intanet don toshe ƙofofin da ɓarayi suka gano. Ta daina yi wa Windows 7 haka ranar 14 ga Janairu, 2020. Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025. A watan Mayu na 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a duniya, tana kulle fayilolin mutane ta ce sai sun biya kuɗi. Har asibitoci a Ingila sai da suka ɗage ganin marasa lafiya. Yawancin kwamfutocin da ta kama Windows 7 ce a kansu, ba a saka musu gyaran da aka aiko ba. A lokacin ma ana aiko da gyaran, ina ga yanzu da aka daina? Ko Chrome ta daina sabunta kanta a kan Windows 7 tun 2023.

Akwai kuma lasisi. Kuɗinsa yana cikin kuɗin da aka sayi kwamfutar, lambarsa kuma a adane take a jikinta. Wannan lambar takan yi aiki da Windows 10 idan nau'insu ɗaya, amma ba ta buɗe Windows 7. Daga nan ne ake ɗora wa mutum ta bogi, wadda ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinta.

Wanda dole ta sa shi komawa baya, ya fara kwashe hotunansa da takardunsa a filas, domin ɗora wata Windows yana share abin da ke ciki. Sannan ya duba shafin kamfanin kwamfutar ko akwai direbobin Windows ɗin da yake so, ya sauke su tukuna kafin a taɓa komai. Idan babu, ya haƙura.

Wanda kuma maɓallin Start da ya koma tsakiya ne kawai yake ba shi haushi, ba sai ya biya mai gyara ko sisi ba. Ya shiga Settings, ya zaɓi Personalization, sai Taskbar, sai Taskbar behaviors, ya canza Center zuwa Left. Nan take maɓallin zai koma gefen hagu, inda ya saba ganin sa.