Dangin Wake da Sha'anin Damina a Kudancin Kano

Duk wanda ya bi hanyar Jos daga Kwanar Ɗangora a tsakiyar damina, ya ratsa ƙasar Kiru da Bebeji, ya wuce Tudun Wada har ya kai Doguwa, inda ruwa ya fi yawa a dukkan Jihar Kano, zai ga masara ta rufe ƙasa gabas da yamma, har ya yi zaton arzikin wannan yanki ita kaɗai ce. Alhali kuwa abin da ke riƙe da ƙaramin manomi, idan damina ta yi gardama, galibi yana ƙarƙashin masarar ne ko a gefen gona: wake, da gyaɗa, da waken suya, da gujiya.

Hikimar Ubangiji a cikin waɗannan tsirrai ita ce, a jikin saiwoyinsu akwai ƙananan ƙulalai, waɗanda wasu halittu da ido ba ya gani ke zaune a ciki, suna jawo sinadarin naitirojin daga iska, wato abin da manomi ke biya da tsada a buhun yuriya. Waken suya kuma yana da wata fa'ida, domin yakan sa irin wuta-wuta ya tsiro, ya rasa saiwar da zai kama, ya mutu, sai masarar baɗi ta sami sauƙi.

Amma babban al'amari shi ne saɓanin ɗabi'unsu. Waken da ke nuna cikin kwana 60 zuwa 70, irin wanda masanan cibiyar binciken noma ta IITA a Kano da na Samaru suka fitar, yana kuɓuta idan ruwa ya ɗauke da wuri. Waken gargajiya na Kanannado kuwa ba ya fure sai rana ta fara gajarta, sa'an nan ya ba da ƙwaya da harawar da tumaki za su ci rani da ita. Gujiya, wadda aka raina aka bar wa mata, tana haƙuri da fari da gajiyayyar ƙasa. Da wuya masifa guda ta haɗa su duka.

Kano ta taɓa ɗanɗana illar dogaro ga abu ɗaya, domin bayan farin 1973, cutar da ke nannaɗe ganyen gyaɗa ta auka wa Arewa a 1975, dalar gyaɗa kuma ba ta sake tashi ba. Saboda haka ina jin tsoron yadda kasuwar abincin kaji ke jan mutane zuwa masara da waken suya kaɗai. Wajibi ne malaman gona su kai sabon iri ƙauye ba tare da sun kore tsohon ba, su kuma koyar da ajiya a buhun PICS mai hana iska shiga, domin sau da yawa ƙwaro ne ke cinye irin gado tun kafin shuka.