Kujerar Darakta Daban, Ragamar Kamfani Daban

A shekarar 2003 majalisar dokokin Norway ta tilasta wa kamfanonin da ke sayar wa jama'a hannun jari su tabbatar mata sun riƙe aƙalla kashi 40 cikin 100 na kujerun daraktoci. Babu lallashi a dokar, domin kamfanin da ya yi kunnen ƙashi ana iya rushe shi. Kafin nan matan ba su kai kashi 10 ba, amma zuwa 2008 an cika adadin. Faransa ta bi sahu a 2011, Tarayyar Turai kuma a 2022.

Masu adawa sun ce an yi watsi da cancanta, za a cika kujeru da 'yan alfarma. Wannan hujja ba ta yi ƙarko ba. Binciken da Marianne Bertrand da abokan aikinta suka yi ya nuna matan da aka naɗa bayan dokar sun fi na gabaninsu ilimi da gogewa. Ashe suna nan tun da can, ba a dai neme su ba ne. Sai dai binciken ya tono wani abin da ya fi damuna: ribar ba ta gangaro wa matan da ke ƙasa ba, kuma shugabancin kamfanonin ya ci gaba da zama a hannun maza. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Daraktoci sukan zauna 'yan lokuta a shekara, su duba lissafi, su sa hannu, su watse. Manajan darakta kuwa ana ɗauko shi ne daga cikin waɗanda suka shekara da shekaru suna riƙe sassan da ke kawo kuɗi, kuma a wannan tsani ne ake zubar da mata, galibi a shekarun haihuwa da raino. Faransa ta farga, shi ya sa a 2021 ta faɗaɗa wajabcin zuwa manyan jami'an gudanarwa.

A nan bankunan Najeriya sun yi abin lura. A 2012, zamanin Sanusi Lamido Sanusi a Babban Banki, an sa musu burin kashi 30 a kujerun daraktoci da kashi 40 a manyan muƙaman gudanarwa, wato an kama tsanin da kansa. Ba za a ce wannan kaɗai ya yi aikin ba, kuma burin bai zo da hukunci irin na Norway ba, amma Nneka Onyeali-Ikpe ta karɓi ragamar Fidelity a 2021, Miriam Olusanya ta GTBank a shekarar, Adaora Umeoji kuma ta Zenith a 2024, kowacce bayan doguwar hidima a harkar banki.