Jirgin ƙasa da kasuwannin kan dutse

Jos gari ne na Najeriya, bisa tudu mai tsayin mita 1,200. Can akwai sanyi. Dankalin turawa, kabeji da karas suna yi sosai.

Da can, hawa Jos sai a ƙasa ko da jaki. A 1914 jirgin ƙasa ya iso daga Zariya don kwasar kuza. Fatake suka bi shi da goro, gishiri da tufafi. Kasuwannin kan dutse suka cika.

Manoman Matamaye ma sun ci amfanin jirgi. A zamanin cinikin gyaɗa, motoci ke kai buhuna Kano, jirgi ya wuce da su Legas.

A 2021 aka aza harsashin sabuwar hanyar jirgi daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284. Daura tana kan wannan hanya, kusa da iyakar Ɗan Barto.

Amma manomi guda ba ya cika tarago. Sai masu rake da tumatir sun haɗa kai cikin ƙungiya, sun iya awo da lissafi, don kada ɗan baranda ya cuce su. Tun ran gini, ran zane!